Shekarar da Na Kai Ƙarar Kadiri

Dauda da Na'omi, na san abin da kuka ji game da rabuwata da Baba Kadiri, don a garin nan magana ba ta daɗewa a ɓoye tsakanin 'yan gida. A coci an gaya muku na kama shi yana ha'inci na tona masa asiri. Mutanen Sterling, inda su Kadiri suka zauna, su kuma cewa suke na sayar da shi don in tsira da kujerata, wasu har suka sa addini a ciki. Duka biyun ba haka aka yi ba. A lokacin ban ga dalilin zaunar da ku ba, daga baya kuma kunya ta hana ni. Yanzu da na bar aiki, likita kuma ya fara yi mini maganar zuciyata da wata irin murya, gara in rubuta muku da Hausar da kuke ji ko da ba ku mayarwa. Inda kuka kakare, mamanku ta karanta muku.

Ni da Abdulƙadir, wato Kadiri, a Zariya muka haɗu, a jami'a, aka ba mu ɗaki ɗaya, ni ɗan Kagoro shi ɗan cikin birni. Ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Lissafin da na ci abinci da shi shekara talatin da wani abu, a bakin gadonsa na gane shi, yana zana mini a bayan kwalin sukari. Ni na riga shi fitowa nan Amurka, na yi shekaru a tashoshin lantarki masu ƙona gas, na auri mamanku, na samu takardar zama ɗan ƙasa. Shi ya tsaya koyarwa a gida har furfura ta fara fito masa, sannan ya zo ƙaro karatu da matarsa Bilki da yaransu uku. Da ya gama, da hannuna na ɗauki takardunsa na kai wa shugaban sashenmu, Mista Howel, na ce masa in mutumin nan ya ba ka kunya, ni za ka kama. Da yake aikin nukiliya ne, shi kuma ba ɗan ƙasa ba, sai da kamfani ya nemi izini na musamman, aka yi kusan shekara ana jira. Ku riƙe wannan da kyau: zamansa a ƙasar nan, da na iyalinsa, a jikin aikin yake ɗaure. Ranar da aikin ya tafi, wata biyu kawai yake da shi ya samu wani ko ya tattara ya koma.

Ba ku taɓa tambayata ainihin abin da nake yi ba. In an tambaye ku a makaranta sai ku ce babanku yana aikin nukiliya, shi ke nan. Ƙaramin kamfani ne a nan Gaithersburg, muna zana wata sabuwar irin tukunyar nukiliya ta samar da lantarki. Makamashinta ƙwallaye ne baƙaƙe, kowanne bai fi lemon tsami ba, an yi su da irin baƙin abin nan na cikin fensir, an cusa ƙananan ƙwayoyin yuraniyom a ciki. Dubbansu ake zubawa a tukunyar. Abin da ke ratsa tsakaninsu ya kwashe zafin kuma ba ruwa ba ne, narkakken gishiri ne, ba irin na miya ba, wani ne da in ya yi zafi sosai yake gudu kamar ruwa. Amfaninsa shi ne ba ya tafasa ya matsa wa tukunya. Aibinsa kuma, in zafinsa ya sauka ƙasa da digiri ɗari huɗu da sittin ko kusa da haka, daskarewa yake ya zama dutse a cikin bututu. Bututun da ya toshe ba ya kwashe zafi, tukunyar nukiliya kuwa ko an kashe ta ba ta daina fitar da zafi nan take. Aikina shi ne na'urar da ke sarrafa wannan duka. Ita ke karanta ma'aunan zafi, ta tsara gudun famfo, ta buɗe ko ta rufe ƙofofin iskar da ke sanyaya gishirin, ta kunna hita in sanyi ya yi yawa. Ni na rubuta ƙa'idojin da take bi. Kadiri kuma shi ke karɓar lambobin da gwaji ya bayar, ya tsara su, ya gwada su da abin da lissafi ya ce. Ba mu da tukunya ta gaske tukuna. Abin da muke da shi wani babban sito ne a wajen Manassas, da bututai da famfo da gishiri na gaske, wutar lantarki ke zafafa shi a madadin ƙwallayen. Da sakamakon wannan sito za mu je gaban hukumar da ke ba da lasisi.

A irin wannan aiki zargi ake fara koya maka. Kada ka yarda da ma'auni ɗaya, kada ka yarda da lissafin da kai kaɗai ka yi, kowace takarda sai wani ya duba ya sa hannu. Wannan ba laifi ba ne, haka ya kamata. Amma mu biyu akwai wani zargin daban da ke bin mu, wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba. Duk shekara ana tara ma'aikata a tuna mana abin da ba a faɗa wa baƙo, ni kuma ina lura da inda idanu ke juyawa. Ni da Kadiri mukan ci abincin rana tare a kicin ɗin ofis muna hira da Hausa, yawanci maganar ƙwallo ce da labarin mutanen gida. Wata rana Howel ya shigo ɗibar kofi, ya tsaya yana saurarenmu, yana murmushi ya ce wata rana sai ya nemo tafinta ya ji abin da muke ƙullawa a kansa. Dukanmu dariya muka yi. Amma daga ranar na daina yi wa Kadiri Hausa a ofis, in ya yi mini sai in mayar masa da Turanci. Ya lura, shi ma ya daina.

Gwajin da ya jawo komai a watan Mayu aka yi shi. Za mu rage gudun famfo farat ɗaya, kamar ya samu matsala, mu ga ko na'urata za ta rufe iska ta kunna hita kafin gishirin da ke cikin siraran bututan sanyaya ya yi sanyi. Ma'aunai goma sha biyu ne a jikin bututan nan. Ina zaune gaban allo a ɗakin lura, Howel yana tsaye a bayana da hannu a aljihu, Kadiri yana gefe. Da aka rage famfon, layuka goma sha ɗaya suka ɗan sauka suka komo yadda lissafi ya ce. Na bakwai kuwa, wanda ke kan bututun kusurwa inda iska ke shiga, ya yi ƙasa sosai har ya kusa taɓa jan layin daskarewa, ya yi kamar rabin minti a can, sannan ya hau. Da idona na gani. Na buɗe baki zan yi magana sai aka fara tafi, wani ya buɗe kwalin kek, Howel ya dafa kafaɗata ya ce na'urata ta yi. Na ce a raina in lambobi sun fito zan duba a natse. Sai aka tura ni wani aikin, na yi mako shida ban waiwayi maganar ba.

Ranar da aka kawo mini rahoton in duba in sa hannu, kai tsaye na buɗe shafin zanen ma'aunai. Layi na bakwai ya kwanta lafiya lau tsakanin na shida da na takwas, ko alamar ramin nan babu. Na cire tabarau na goge na sake dubawa. Har na fara tunanin ko tsufa ne, ko wani gwajin nake tunawa. Na shiga ma'ajiyar kwamfuta inda ake ajiye lambobi, wurin da duk wanda ya taɓa fayil sai sunansa da lokacin sun fito. An cire lambobin ma'auni na bakwai wata Asabar da hantsi, an sa matsakaicin na shida da na takwas a madadinsu. Babu takardar dalili, babu sa hannun mai dubawa. Sunan da ke jiki na Kadiri ne. Na zauna a kujerar nan har aka tashi cin abinci aka dawo. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ya fara zo mini ba tsaron tukunya ba ne. Alkawarin da na yi wa Howel ne.

Mako uku aka ba ni in duba rahoton, kuma abin da na yi a makonnin nan uku shi ne abin da na fi jin kunyarsa. Ban tambaye shi ba. Ofishinsa taku goma ne daga nawa. Maimakon in tambaya sai na shiga sa masa ido. Na lura Howel yana yawan tsayawa da shi a baranda suna magana ƙasa-ƙasa. Na tuna takardarsa ta zama na dindindin tana hannun lauyan kamfani, kuma sai Howel ya sa hannu za ta wuce. Na tuna tun a Zariya ba ya iya ce wa na gaba da shi a'a. Har sabuwar motar da ya saya sai da na sa a lissafi, alhali ni na ɗauko shi a kan hanyar filin jirgin Dulles ranar da tsohuwar ta mutu masa. Duk abin da na sani game da shi na shekara talatin sai na juya shi ya zama shaida. In ya gaishe ni da fara'a in ce lallashina yake, in ya wuce da sauri in ce gudun idona yake.

A gida na rage cin abinci. Mamanku lokacin aikin safe take yi a asibiti, takan dawo da la'asar ta same ni zaune a mota a ƙofar gida ban shiga ba. Kakarku Laraba, wadda ta zo mana jinyar gwiwa ta yi shekara biyu, ita ta fara cewa mutumin nan yana ɗauke da wani abu, a bar tambayarsa ko ya ci tuwo a tambaye shi abin da ke cinsa. Ranar Lahadi bayan coci mamanku ta rufe ƙofar kicin ta tsare ni. Na faɗa mata iya abin da doka ta yarda in faɗa, cewa an sauya wasu lambobi kuma sunan Kadiri ne a jiki. Ta ajiye wuƙar da take yanka alayyafo da ita.

"To, me ya ce da ka tambaye shi?"

Na ce mata ƙa'ida ta hana a tunkari wanda ake zargi, rahoto ake kaiwa.

"Baban Dauda, ƙa'ida ce ta hana ka ko tsoro? Mutumin nan shi ya je Kagoro ya tsaya a jana'izar babanka lokacin da kai ba ka samu zuwa ba."

Na yi fushi na fita. Amma ta gano ni. Tsorona shi ne, in na tambaye shi ya amsa, daga ranar mu biyu ke nan muka sani. In abin ya fito daga baya, ba wanda zai ce injiniyoyi biyu ne suka tattauna. Cewa za a yi 'yan Najeriyar nan biyu ne masu ƙus-ƙus da yarensu a kicin, ɗaya ya kawo ɗaya, na biyun ya gyara wa na farkon lambobi. Kada ku manta, na'urata ce lambobin nan suka wanke.

Babbar Sallah ta faɗo cikin mako na biyu. Kamar kowace shekara, gidansu muka tafi a Sterling. Bayan gidan cike yake da mutane, 'yan Zazzau da Kanawa da direbobin filin jirgi 'yan Nijar, hayaƙin gashi ya tashi har maƙwabta Turawa suna leƙe ta katanga. Ke Na'omi, muna shiga kika ɓace sama da 'yarsu Asma'u, kamar yadda kuka saba. Bilki ta yi waina da miyar taushe, ta kawo wa Kaka kujera mai laushi ta sa mata matashi a ƙarƙashin ƙafa. Kadiri yana bakin wuta da farin kaftani, ya naɗe hannun riga. Da ya gan ni ya yanko hanta ya miƙo mini a tsinke, don ya san ita nake so. Na ci. Bayan an ɗan lafa, ya kama hannuna ya ja ni can jikin katanga inda ba kowa.

"Mutumina, akwai maganar da nake so mu yi kan ma'auni na bakwai. Ta daɗe tana damuna."

Abin da na ji a cikin maganar shi ne ya gano na buɗe fayil ɗin, yana so ya jawo ni ciki kafin in yi wani abu. Har waiwayawa na yi in ga wanda ke kallonmu. Na zare hannuna, na amsa masa da Turanci, na ce ba na maganar aiki a gidan Sallah, in akwai wani abu ya rubuta mini. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce to, ya koma bakin wutarsa. Da za mu tafi Bilki ta cika mana kula biyu da nama, ta raka mu har mota tana yi wa Kaka addu'ar samun sauƙi. Na karɓa na yi godiya. Kwana biyu na jira ko zai rubuto. Bai rubuto ba, wannan ma na ƙara shi a cikin shaida.

Ranar Laraba na rubuta wa matar da ke kula da ingancin aiki a kamfanin, wadda ita ake kai wa irin wannan ƙara. Ina so ku rarrabe abin da ke cikin wasiƙar nan, don ba duka ne laifi ba, ba duka ne kuma daidai ba. Na ce ba zan sa hannu a rahoton ba, na faɗi abin da na gani a allo da abin da na gani a fayil. Wannan ko yau aka dawo da ni sai na sake yi. Mutane za su zauna kusa da tukunyar nan wata rana, da 'ya'yansu da makarantunsu, ba a kai wa hukuma lambar da aka gyara. Amma ban tsaya nan ba. Na ƙara wani sakin layi da ba wanda ya tambaye ni. Na rubuta cewa Kadiri ya neme ni a keɓe, a wajen aiki, kan maganar ma'aunin, ni kuma na ƙi saurarensa. Na rubuta cewa halin da takardunsa ke ciki zai iya sa shi yin abin da bai kamata ba. Don in wanke kaina na rubuta wannan. Abin da ban rubuta ba kuma shi ne, Howel yana tsaye a bayana ranar gwajin, idonsa a kan allon da nake kallo.

Ranar Juma'a da safe aka karɓe katinsa na shiga. Ta taga na ga mai gadi ya raka shi har mota, yana rungume da kwali, dardumar sallarsa a saman kwalin. A gaban masu bincike ya faɗi nasa. Ya ce kwana uku bayan gwajin Howel ya tsare shi a baranda ya ce masa masu gyara sun tabbatar ma'auni na bakwai ya lalace, ya sa matsakaicin na kusa da shi, takardar dalili za ta biyo baya. Ya yi aikin ranar Asabar don lokaci ya ƙure. Takardar ba ta zo ba, ya tuna masa sau biyu, kullum sai a ce gobe. Da aka kira Howel ya ce bai tuna ya faɗi haka ba, abin da ya sani ya ce a duba ma'aunin. Maganar wannan da ta wannan ke nan, ga suna a jikin fayil, ga kuma sakin layina. A watan Satumba aka sallame shi.

An ciro ma'aunin aka gwada shi, lafiyarsa ƙalau. Aka sake gwajin a watan Oktoba, wata safiya mai sanyi, bututai biyu na kusurwa suka daskare ƙam, sai da aka yi kwana tara ana narkar da su. Da aka bi sawu, laifin a ƙa'idojina yake. Na sa na'urar ta jira sai matsakaicin ma'aunai goma sha biyun ya sauka kafin ta rufe iska, don kada ta riƙa zabura saboda ma'auni ɗaya mai ƙarya. Bututun kusurwa kuwa yana yin sanyi tun kafin matsakaicin ya nuna komai. A taron ma'aikata aka kira sunana, aka ce ni na ceci kamfani daga kai wa hukuma rahoto mai kuskure, aka yi mini tafi. Howel ma ya tafa.

A gida ba wanda ya tafa. Ke Na'omi, kuna shirin shiga ajin ƙarshe tare da Asma'u, kun riga kun zaɓi jami'ar da za ku nema tare. Kin yi wata guda ba ki yi mini magana ba, ranar da kika yi kuma a kan tebur ne, da Turanci, kika ce na ƙwace miki 'yar'uwa. Kai Dauda kana makaranta, ta waya ka ce ai Baba ya yi abin da ya dace, na ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata. Mamanku ba ta ƙara tayar da zancen ba, sai dai duk ranar hutunta tana Sterling. Kadiri ya nemi aiki ko'ina, amma ba kamfanin da zai ɗauki wanda aka sallama kan taɓa lambobi, balle a cikin wata biyu. Kaka ce ta kira ni ɗakinta wata safiya ta tambaye ni ko na taka gidan tun da abin ya faru. Na ce a'a.

"Ni ban san aikinku ba. Amma ka ci abinci a gidan nan, ni ma na ci. Ranar da za su ɗaure kaya ka je ka tsaya, ko ba a kula ka ba."

Na je, wata Asabar da safe a watan Nuwamba. Motar masu jigilar kaya tana ƙofa. Na yi sallama, Bilki ta amsa daga cikin ɗaki ba ta fito ba. Kadiri ya dube ni ya nuna mini kwalaye, na shiga ɗauka. Mun yi awa biyu muna wuce juna a kan matakala. Da aka kwashe komai muka tsaya a garejin da ba kowa a ciki sai tsintsiya, shi ya fara magana, da Hausa.

"Abu ɗaya nake so in sani. Yaushe ka gani?"

Na ce kwana goma kafin Sallah. Ya gyaɗa kai.

"Ke nan lokacin da ka ci hantar nan ka sani."

Ya ce laifinsa ya san shi, ya taɓa lambobi ba takarda, shi da ya yi shekara ashirin yana hana ɗalibai yin haka. Ya ce da takardar ta ƙi zuwa ya fara shakka, ya koma ya duba lambobin asali, ya ga ramin bai yi kama da na lalataccen ma'auni ba, abin da ya so ya gaya mini ke nan a jikin katanga, mu je wurin matar ingancin aiki tare.

"Ka san abin da ya sa tun farko ban yi wa Howel gardama ba? Na'urarka ce. Na ce Bitrus ba zai bar gishiri ya sauka haka ba, dole ma'aunin ne."

Na roƙe shi gafara. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, da irin muryar da ake amsa wa wanda ya taka ka a kasuwa. Na ce zan kai su filin jirgi, ya ce wani maƙwabcinsu ɗan Maraɗi ya riga ya ɗauki wannan.

Na ƙara shekara biyu a kamfanin. Na sake rubuta ƙa'idojin daga tushe, yadda duk ma'aunin da ya kusanci layin daskarewa na'urar za ta ɗauki maganarsa nan take, a yi bincike daga baya. Aka gwada sau da yawa, gishiri bai ƙara daskarewa ba. Howel ya samu wani wurin ya tafi, aka yi masa liyafa. Bai yi mako biyu da tafiya ba wani dattijo cikin masu gyaran sito, sunansa Dale, ya same ni a wurin ajiye motoci. Ya ce ranar nan yana baranda a kan tsani yana gyaran fitila, ya ji duk abin da Howel ya ce wa Kadiri, kalma bayan kalma. Ya ce matarsa ba ta da lafiya, kuɗin asibitinta a jikin aikinsa yake, shi ya sa ya yi shiru. Yana magana yana kallon ƙasa, yana jira in zage shi. Ba ni da bakin zagin kowa. Tare muka je wurin matar ingancin aiki. Shi ya ba da nasa, ni kuma na rubuta abin da na ɓoye, cewa Howel ya ga ramin da idonsa, na kuma janye sakin layin nan na faɗi dalilin da ya sa na rubuta shi. Ta karanta ta ɗago ta dube ni, irin duban da na yi shekaru ina gudu, na ga kuma bai kashe ni ba.

Sai da aka yi watanni kafin lauyoyin kamfani suka fitar da wasiƙa. Gajeriya ce, an auna kowace kalma. Ta ce bincike ya nuna Abdulƙadir ya yi abin da ya yi ne bisa umarnin shugabansa, ba da nufin yaudara ba. Ba ta mayar masa da aikinsa ba, ba ta mayar masa da biza ba, ba ta mayar wa Asma'u shekarar da ta rasa ba. A lokacin yana koyarwa a wata kwaleji a Zariya. Na nemi lambarsa a wurin mamanku, na kira shi da hantsi a nan, can la'asar ta yi. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har Kaka da ta riga ta koma gida. Na ce akwai takardar da zan karanta masa. Na karanta. Ya ce in maimaita layin tsakiya, na maimaita. Ina jin ƙarar babura a bayansa. Sannan ya ce in ɗauki hotonta in turo masa yanzu. Na ce zan ba wani mai zuwa gida ya kawo masa ta asali, mai hatimi, za ta yi masa amfani in zai nemi wani aikin.

"Ba don aiki ba. Bilki zan nuna wa. Shekara uku ke nan ba ta taɓa tambayata ko na yi ba, ko sau ɗaya. Amma ina ganin yadda take dubana in an ambaci Amurka."

Na shimfiɗa takardar a kan tebur, hoton ya ƙi fitowa da kyau, sai da mamanku ta karɓi wayar ta ɗauka ta tura. Ba a yi awa ɗaya ba wayarta ta yi ƙara. Bilki ce. Mamanku ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, suka daɗe, na jiyo kuka, can kuma na jiyo dariya. Ina zaune a falo ina jira ko za a ce ga Baban Dauda. Bilki ba ta nemi a ba ni ba, har yau kuma ba ta nema ba.